Tada tsohon keken ɗaukar kaya: tambayoyin da ake yawan yi mani kan sayen kayan gyara

Assalamu alaikum. Tun ranar da na jawo keken tsohona daga zaure na tada shi, keken da ya yi shekaru shina kai albasa da tattasai daga fadamar Kwalkwalawa zuwa cikin gari, mutane ba su bar ni na huta ba, wanga ya tare ni bakin masallaci wancan ya kira waya, kuma tambayoyin kusan iri guda ne. Shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya. Ni ba bakanike ba ne, asara ce ta koya mani, da yawan zama gindin bedi wurin wani dattijo mai gyaran keke da ke haƙuri da surutuna. Ban sa farashi ba, don kuɗɗin kaya yanzu na safe daban na marece daban.

Malam wai wane ne ma keken ɗaukar kaya, ba duk baƙin keke ba ne?

A'a. Wanda muka sani nan Sakkwato shi ne dogon baƙin keken nan mai taya 28, mai birkin ƙarfe ba na waya ba, sau da yawa da sanda biyu ga sama maimakon guda, da kariya mai faɗi baya da jak mai ƙafa biyu. Shi ne ke ɗaukar buhun gero, jarkoki, rake, itace, har akuya ran kasuwa. Akwai wani iri na Ingila da mahauta da masu burodi ke kai kaya da shi can da, tayar gabanshi ƙarama ce inci 20, kariyar gaba kuma haɗe take da bodi, ko ka juya kai ita ba ta juyawa. Irin wannan ba kasafai ake ganinshi ƙasarmu ba, in ka ci karo da shi wurin 'yan gwangwan kada ka tsaya dogon ciniki.

Mi zan diba in gane Raleigh na asali?

Mutane tambari suke fara dibawa, ni kuwa shi nake dibawa ƙarshe, don tambari da 'yan ƙusoshi ƙanana anka kafa shi, yaro ma na iya cire shi ya maƙala ga wani keke. I, tambarin Raleigh kan zalɓe ne, na Ingila kuma akwai sunan garin Nottingham jiki, amma abin da ba ya ƙarya shi ne ƙarfen. Diba kafaɗar fok, wurin da ƙafafun nan biyu sunka haɗu sama da tayar gaba: na Raleigh kamar bututu ne kwance, da ɗan farin murfi mai lotsawa ciki kowane gefe. Diba farantin sarƙa, na asali an huda siffar kan zalɓe jikinshi kewaye. Diba notuna, da yawa za ka ga harafin R. Sannan ka ɗauko sifana 14 ko 15 ka gwada, in ka ga wanga ta yi sako-sako waccan ta ƙi shiga to alama ce mai kyau, tsofaffin kekunan Ingila da awon inci anka yi su ba milimita ba. Kamfanonin Sin da Indiya sun kwaikwayi surar keken sosai, har wasu da kafaɗar fok ɗin, shi ya sa alama guda ba ta isa, sai uku huɗu sun taru.

Sauran 'yan Ingilan kowa da nashi: Phillips zaki, Rudge tafin hannu, BSA bindigogi uku. Hercules da Phillips asalinsu 'yan yankin Birmingham ne.

An ce mani duk wanda ba Ingila anka yi shi ba jabu ne, gaskiya ne?

Wanda ya faɗa maka haka so yake ya tsuga maka kuɗɗi. Raleigh da kansu sun yi masana'antu ƙasashe da dama, har nan Kano an harhaɗa shi, a Indiya ma an yi. Hercules da Phillips an daɗe ana ƙera su a Indiya da izinin masu sunan, ba sata ba. Phoenix da Forever na Shanghai ne, Flying Pigeon na Tianjin tun 1950, Hero da Avon na Ludhiana a Indiya, kowane da sunanshi ya fito bai ɓoye ba. Jabu shi ne a ɗauko Phoenix a kafa mashi zalɓe a sayar maka da kuɗɗin Raleigh. Kuma in don aikin kaya ne ba don ado ba, wallahi tsohon Phoenix mai sanda biyu da bai taɓa karo ba ya fi mani Raleigh da anka yi ma walda wuri uku, ga kayanshi kuma ko'ina akwai.

Ana iya gane shekarar keke?

In hob ɗin baya, wato cibiyar wilin, Sturmey-Archer ne, mai giya uku ɗin nan, goge jikinshi da tsumma da kananzir za ka ga lambobi biyu na shekara da lambar wata, misali 68 da 5 watan Mayu ne na 1968. Sai dai shekarar hob ce wannan, keken da ya kai shekara hamsin ga hanya mai yiwuwa an canza mashi wili ba sau ɗaya ba. Yawancin namu na kaya ma ba su da giya. Lambar bodi tana ƙasan sirdi ko ƙarƙashin gidan feda, rubuta ta ka aje, ko ba ta gaya maka shekara ba ranar da anka sace keken za ta yi maka rana.

Na sayo taya an rubuta 28 amma ta ƙi hawa rim, mai shago ya cuce ni ko?

Mai yiwuwa shi ma bai sani ba. 28 iri biyu ce kuma nan ne kowa ke fara asara, ni ma na yi. Ta tsohon keke ita ce 28 x 1 1/2, ta kekunan Beljiyam na yanzu kuma ana rubuta mata 28 x 1.75 ko 700C, suna guda amma ba girma guda ba. Bar kallon 28 ɗin, biɗi wata ƙaramar lamba jikin tayar mai kama da 40-635. Lambar farko faɗin taya ne, ta biyun ita ce girman rim da milimita. Taka 635 ce. In ka ga 622 ta gaza da milimita 13, ko ka kira ƙattin unguwa da lebura ba ta hawa, in kun matsa ma wayar bakin tayar za ku katse. Akwai kuma 630 da ake rubuta ma 27, ita ma ba taka ba ce, ka ji abin mamaki 27 ta fi wata 28 girma. Haka 26, ta tsohon keken Ingila 590 ce, ta keken hawan dutse 559.

Tiyub shi bai da wannan rigimar sosai don roba ce tana miƙewa, na 622 mai kauri na zama cikin 635. Bawul kuma ramin rim guda ke ɗaukar irin na da mai 'yar roba ciki da irin na mashin. Ni na mashin nake sawa, don duk mai faci bakin titi na iya ba ka iska, 'yar robar nan ta tsohon bawul kuwa zafin watan Afrilu na Sakkwato narkar da ita yake ta manne.

Rim da wayoyinshi fa?

Ƙirga ramukka kafin ka bar gida, na rim da na hob. Tsarin Ingila 32 ne gaba 40 baya, don baya ke shan nauyi, na Sin da Indiya da yawa sun bi haka, kekunan yanzu kuwa 36 sunka fi yawa. Rim mai rami 36 ba ya ɗauruwa ga hob mai 40, kada wani ya ce maka zai yi dabara, dabarar ranar da ka aza buhu biyu za ta watse.

Abu na biyu surar rim. Birkin ƙarfe sama yake jan roba ta kama cikin rim, gefe da gefen layin wayoyi, saboda haka rim ɗin mai faɗi ne da ɗan tudu tsakiya, Westwood ake ce mashi. Rim na birkin waya ta gefe ake kama shi, in ka sa ma keken birkin ƙarfe robar ba ta samun wurin kamawa.

Waya kuma lamba gare ta, kuma lambar na raguwa kauri na ƙaruwa: 14 milimita 2 ce, 13 ta kai 2.3, 12 kuma 2.6. Ga wilin baya na kaya 13 ta wadatar, 12 sai in ramin hob na ɗaukarta. Masu sa wayar mashin suna faɗaɗa rami da diril, ni ban so, rim ɗin ne ke tsagewa daga baya. Tsawo kuwa kada ka auna da ido, kwance guda ɗaya lafiyayya ka tafi da ita.

Sabon kofin tsakiya da na sayo, wanda ke riƙe boris cikin gidan feda, ya shiga zagaye biyu ya tsaya, in sa ƙarfi?

Don Allah ɗan'uwa aje sifanar nan. Wagga tambaya ita ce dalilin da ya sa na zauna rubutun ga baki ɗaya.

Kusan duk kekunan da munka sani, na Sin da na Indiya da sauran na Ingila, tiredin kofin gidan feda da na wuyan fok zare 24 ne cikin inci guda. Raleigh na Nottingham su kuwa sunka yi nasu 26. Faɗin kofin kusan ɗaya ne, da ido ba ka rarrabewa, shi ya sa yake shiga zagaye ɗaya biyu lafiya lau sannan ya cije. Ranar da abin ya same ni, mai shagon ce mani ya yi ai tsatsa ce Alhaji, sa mai ka ɗaure, na dawo gida na sa baƙin mai na zura bututu ga sifana na hau da ƙarfina, ina jin shi shina shiga ƙiiii ina murna, ashe zaren bodin nake yankewa. Da na kai ma dattijon nan ya kwance, ya sa yatsa ya shafo garin ƙarfe awa an niƙa tozali, ya dube ni ya ce yaro keken ga ya girme ka, ya ɗauki abin da ya ɗauka shekara da shekaru bai koka ba sai yau da ka zo taimakonshi. Sai da anka cika wurin da waldar gas anka sake yanka zare, aikin kwana uku da kuɗɗin da sun isa sayen tayu biyu.

Ga yadda ake ganewa, ba ka buƙatar wani injin awo. Ɗauki tsohon kofin da sabon ka haɗa zarensu gefe da gefe ka ɗaga ga haske, in iri guda ne haƙoran za su shige juna ruf, in ba iri guda ba za ka ga haske na ratsawa kuma suna rawa. Kuma kowane kofi da hannu ake fara ɗaura shi, in bai yi zagaye huɗu biyar da yatsu ba to ba nashi ba ne. Kofin dama, na gefen sarƙa, zarenshi na hagu ne, wato yadda ake ɗaure noti haka ake kwance shi, mutane da yawa sun lalata shi suna zaton ya cije ne alhali ƙara ɗaure shi suke. Fedar hagu ma zaren hagu gare ta.

Wani abin kuma, a 1960 kamfanin da ke da Phillips da Hercules ya saye Raleigh, daga baya anka maida ƙirarsu Nottingham, saboda haka kana iya samun Phillips mai zaki amma tiredinshi na Raleigh ne. Sunan da ke goshin keke ba ya gaya maka zaren da ke cikinshi. Gidan fedar Raleigh ma ya fi na sauran faɗi, nasu milimita 68, nashi 71 wani 76, don haka sandar tsakiyar ma ba kowace ke yi ba.

Shawarata in kofunan asali ba su fashe ba kada ka yar da su, ƙarfensu ya fi na sabbin nan nesa, wanke su da kananzir ka zuba sabon boris da giris ka maida.

To ta ina zan san kon ko kofi ya mutu?

Kon shi ne ɗan ƙarfen nan da ke kan ƙusar wili, boris na gudu tsakaninshi da kofi. Wanke shi tas, ka ɗauki biro ka bi layin da boris ke gudu da bakin biron. In ya wuce sumul lafiya lau, in ka ji shina faɗawa 'yan ramukka ƙyat ƙyat ya tashi aiki. Boris kuwa kada ka tsaya gwaji, canza duka, kuma kada ka gauraya tsoho da sabo don sabon ne kaɗai zai ɗauki nauyin. Girmansu: tsakiya kwatan inci, 11 kowane gefe. Hob na baya shi ma kwatan inci, yawanci 9. Na gaba 3/16, yawanci 10. Na wuya ƙanana ne, 5/32 ko 1/8 ga wasu tsofaffi, kwance shi bisa tabarma ko cikin tire don in sunka watse cikin rairayi sai dai haƙuri. In lissafi ya ɓace maka cika wurin sannan ka cire guda.

Hob ɗin gaba na Raleigh na da wata ɗabi'a, kon ɗinshi guda kafaffe ne guda ake juyawa, kuma ba su da notin kulle. Kafaffen dama yake zama. In ka juya wilin ka sa shi hagu, tafiya na ɗaure kon ɗin da kanta har wili ya cije.

Feda na ƙwas ƙwas duk taki, na ɗaure notin kotafin har ya tsinke

Kotafin shi ne 'yar ƙusar da ke kafa hannun feda ga sandar tsakiya. Notin nan ba shi ke ɗaure kotafin ba, riƙe shi kawai yake kada ya fita. Da guduma ake kora shi, bayan ka tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu ya tsaya ga ƙasa, don bugun kada ya sauka kan boris. Kauri iri iri ne, na Ingila da Sin da Indiya milimita 9.5, na Faransa yawanci 9, kuma kekunan Faransa na shigowa ta Konni, garin Nijar da ke bakin iyaka, saboda haka tafi da tsohon. Sabo sau da yawa sai an ɗan goge gefen nan mai shafe da fayil kafin ya zauna, a goge biyun daidai, kuma a sa su suna kallon saɓanin juna, in na dama kanshi na sama na hagu kanshi na ƙasa, in ba haka ba fedojin ba su miƙewa layi guda, ka riƙa tuƙi awa mai ɗingishi.

Sarƙa da firiwil, wane iri ya dace da kaya?

Sarƙar keken ga mai faɗi ce, 1/2 x 1/8 za ka gani jikin kwali, siririyar ta keken giya ba ta hawa haƙoranshi. Gwajin tsufa: aza tef ɗin tela, daga ƙusa guda zuwa ta inci 12 ya kamata su faɗa daidai kan layi, in ta zarce da 1/8 na inci ta gama, kuma ta riga ta cinye firiwil, haƙoran za ka gan su sun yi tsini sun karkata awa ƙaya. Canza su tare, sabuwar sarƙa kan tsohon firiwil tsalle take.

Yawancinsu da faranti mai haƙori 44 ko 46 ko 48 suke zuwa, firiwil 18. Ga mai ɗaukar kaya ni 20 ko 22 nake ba shawara. Da 44 da 22 duk zagayen feda guda taya na yin biyu cif, gudu ya ragu amma hawan da ke tsakanin gada da cikin gari ba sai ka sauka ka tura ba. Sarƙar sai an ƙara mata 'yan gaɓoɓi.

Birkin ƙarfen nan ba ya kamawa, in maida shi na waya?

Kafin nan a fara miƙe rim, birkin ƙarfe ba ya yafe rim mai tudu da kwari. A sa sabuwar roba, a diba sandunan ko sun lanƙwashe, a ɗiga mai ga mahaɗai. Gidan robar gefe guda rufe yake gefe guda buɗe, rufaffen shi ke kallon inda rim ya nufa, in ka juya shi ranar da ka taka birki da gaske robar fita za ta yi ta bar ka da Allah. Da damina kuwa ko sabo ne sai ka fara kamawa tun da nisa, ƙarfe jiƙaƙƙe santsi gare shi. Ƙananan ƙarafunan birkin nan su sunka fi wuyar samu, ko guda kada ka yar.

Zan sayi tsohon bodi, ina zan diba?

Shafa ƙarƙashin sandunan nan dab da wuya da yatsa. In ka ji ƙarfen ya tattare ko fenti ya tsattsage kewaye, keken ya taɓa karo, kuma ka tsaya gefe ka kalli fok, in ya koma baya shi ne shaida ta biyu. Sannan gwajin zare: ɗaura zare ga inda wilin baya ke shiga, ka kewayo da shi ta wuya ka dawo ɗaya gefen, ka auna tsakanin zaren da sandar sirdi dama da hagu, in ba daidai ba bodin ya murɗe, da kaya bisa zai riƙa ja gefe guda.

Tsatsa ba ta cika damunmu ba nan don ƙasar busassa ce, sai keken da ya yi aikin ruwa ko gishiri ko takin zamani, shi kam ƙwanƙwasa ƙasan gidan feda da ƙafafun baya da sifana ka saurara, lafiyayye ƙara yake mai zaƙi, ruɓaɓɓe bif bif. Gwada kuma ko sandar sirdi na motsi, wadda ta manne aiki ce babba. Mahaɗan bodin da waldar gas da biras anka haɗa su tun asali, in ka ga tabon waldar lantarki baƙi ƙirin ga mahaɗa rage kuɗɗi ƙwarai ko ka wuce, bututun siriri ne wutar na ƙona shi.

Kariya ta asali ko ta maƙera?

Ta asali kyau gare ta amma ba don buhun albasa anka yi ta ba. In aiki za ka yi, tafi Maƙera Assada ko wurin mai walda da keken kanshi a auna a yi maka ta rodi. Sharaɗi biyu: da noti za a ɗaura ta, ga ƙusar wili da ƙasan sirdi, kada a like ta ga bodi da walda. Kuma kada ta yi tsawo baya, nauyi ya zauna saman ƙusar wili, in ya zarce baya gaban keken ɗagawa yake. In kana aza kaya gaba ma a sa ma fok sandunan tallafi guda biyun nan da ke saukowa daga wuya zuwa ƙusar wilin gaba.

Sirdin fata ya bushe ya tsage

In ƙarfen ƙasa da sifirin suna nan ba ka yi asara ba, musamman in Brooks ne, sirdin Ingila, sunan na bayan sirdin ga ɗan ƙarfe. Mu da ke da Madunka, unguwar masu aikin fata, cikin gari ai ba mu da uzuri, kai masu tsohuwar fatar su yi awo da ita. Amma ka ce ƙirgi mai kauri kake so, na shanu. Jar fatar akuyarmu da duniya ta sani taushi gare ta, ta jaka ce da takalmi, ga sirdi sati guda ta zama lilon yara, ta lotsa har ka zauna kan ƙarfe. Akwai noti ƙarƙashin hancin sirdi na jan fata, kaɗan kaɗan ake juya shi. Kada a shafa baƙin mai, ɗan man kaɗe daga ƙasa ya isa, kuma a bar aje keken cikin rana.

Ina ake samun kayan?

Taya, tiyub, sarƙa, boris, kotafin, robar birki, waɗanga sababbi ake saye, shagunan kayan keke na babbar kasuwa na da su, abin da babu a aiko maka daga Kano. Kofi da kon da sandar tsakiya da ƙarafunan birki da madigadi da gidan sarƙa kuwa na kwance sun fi, kuma suna cikin gwangwanayen tsofaffin masu gyara, sai ka zauna an gaisa an saba kafin a zazzage maka, in ka zo da gaggawa kana wane ne nawa wane ne nawa ce maka za a yi babu. Leƙa wurin 'yan gwangwan akai akai kafin a auna a loda, ka bar masu lambarka. Kasuwannin ƙauye ma, Achida ran Laraba, Illela ran Lahadi, nan ake ganin kekunan da har yanzu ke bakin aiki. Dabarar da ta fi duka ita ce sayen mataccen keke sukutum irin naka ka riƙa cira, ya fi sayen ɗaiɗai arha nesa ba kusa ba. Sai dai a saya gaban shaidu a rubuta lambar bodi, keken sata ba ya da tambari ga goshi.

In ta WhatsApp ko Facebook ne, ka ce a ɗauko hoton kayan da tef kusa da shi, da hoton duk wani rubutu da ke jiki, kuma a yi magana kan maidowa in bai yi ba tun kafin ka tura ko sisi.

In sake fenti?

In na asalin na nan ko da rabi ne, da 'yan layukan nan ruwan zinari, ni dai ban taɓawa, wanki da ɗan mai a tsumma ya isa. Farin ƙarfen kai da rim kuma takardar alminiyam da ruwa ke cire tsatsarshi, ba samfefa ba, ƙananan notuna a jiƙa su cikin ruwan tsamiya kwana guda a wanke a shafa mai nan take. In dole sai an fesa, a rufe tambari da lambar bodi da duk wani tiredi.

An gama haɗawa, in aza kaya gobe?

Ba shi kwana uku huɗu kana yawo da shi wayam tukuna. Sabbin wayoyi saki suke, a koma a sake ɗaure su a miƙe wilin, kotafin a ƙara mashi guduma a ɗaure noti, a girgiza wili da feda a ji ko akwai wasa. Sannan ka fara da rabin buhu. Nawa sai da ya yi sati kafin na aza mashi jarka huɗu daga Runjin Sambo zuwa gida, bai ce uffan ba in ban da jak da ke ɗan ƙara. Abin da ya rage mani yanzu ɗan murfin nan mai zagaye na gidan sarƙa, wanda ke rufe faranti, wata shida ke nan ina biɗa, duk wanda ya gan shi cikin tarkacen gidansu don Allah kada ya ba yara su yi gare da shi.